Saƙa da Masaƙi: Tarken Ra'in Saƙar Dangantaka Daga Karar Shanun Damagum Zuwa Sabon Ibadan

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da suka daɗe suna ci wa masana zamantakewa tuwo a ƙwarya akwai wannan: shin mutum ne yake ƙulla dangantakarsa da jama'a, ko kuwa dangantakar ce take ƙulla shi? Tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma shi ne dai ya ce zuciyar mutum birninsa. Karin magana na farko yana nuna cewa ɗan'adam ba ya iya komai sai da jama'a, na biyun kuwa yana tunatar da mu cewa akwai wani gari a cikin ƙirjin kowa wanda ba mai shigarsa sai mai shi.

A jami'o'inmu an saba buƙatar ɗalibi ya ɗora kundinsa a kan wani ra'i, kuma sau da yawa akan ɗauko ra'in ne ɗungurungum, a kifa shi a kan adabi ko al'adar Hausa kamar yadda ake kifa akushi, abin da ya shiga ya shiga, abin da ya yi saura a share. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan ra'o'i, wanda muka kira ra'in saƙar dangantaka, ta gwada shi a kan fataucin shanu da ke tasowa daga yankin Damagum da Potiskum zuwa Kurmi, sannan ta nemi shaidar ƙagaggun labaranmu a kansa. Kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa. Ta farko ita ce katabus, wato ikon da mutum yake da shi na zaɓar abin da zai yi da kuma aikata shi. Ta biyu ita ce zancen zuci, wato yadda mutum yake waiwayen kansa, ya auna matsayinsa a cikin jama'a, ya saƙa ya warware kafin ya ɗaga ƙafa.

2.0 Asalin Ra'in

A shekarar 1954 wani masani Bature, J. A. Barnes, ya wallafa nazarinsa a kan wani garin masunta da ake kira Bremnes a ƙasar Norway. Ya lura cewa bayan unguwa da wurin sana'a, akwai wani abu na uku da yake tafiyar da rayuwar mutanen, wato zaren sanayya da abota da dangi da ya haɗa wannan da wancan, ba shi da shugaba, ba shi da iyaka. Sai ya kwatanta shi da raga: mutane su ne ƙulle-ƙullen, hulɗarsu kuwa ita ce zaren. Elizabeth Bott ta bi sawunsa a 1957 da nazarin iyalai a birnin Landan, sannan a 1969 J. Clyde Mitchell ya tattara nazarce-nazarcen da aka yi a biranen tsakiyar Afirka, musamman garuruwan haƙar tagulla na ƙasar Zambiya ta yau. Ya kamata mai karatu ya lura cewa a ƙasar Afirka ra'in ya yi wayo, ko da yake ba 'yan Afirka ne suka raɗa masa suna ba.

Daga baya Amurkawa suka karɓe shi suka zuba masa lissafi. A 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa labarin samun aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda suke gaisuwar nesa da shi, domin na jikinka abin da ka sani shi ya sani. A 1992 Ronald Burt ya ƙara da cewa riba tana hannun wanda ya tsaya a kan giɓin da ke tsakanin ƙungiyoyi biyu da ba su san juna ba. Jigon ra'in a taƙaice shi ne: in kana son ka san abin da mutum zai yi, kada ka tambayi halinsa ko aƙidarsa, ka dubi inda ya faɗo a cikin saƙar.

3.0 Daga Damagum Zuwa Sabo

Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune, tana kan babbar hanyar da ta haɗa Potiskum da Damaturu a Jihar Yobe, jihar da aka ƙirƙiro a 1991. Yanki ne na noma da kiwo, inda Karekare da Ngizim da Barebari da Fulani da Hausawa suke cuɗanya, Hausa kuma ita ce harshen ciniki. Dabbar da makiyayi ya kora zuwa kasuwannin ƙasar Fune, irin su Damagum da Ngelzarma, takan ratsa hannaye da yawa kafin ta isa tukunya. Ƙaramin falke ya saya ta hannun dillali, ya kai karar Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. A can babban falke ya haɗa garke, 'yan kamasho su samo tirela, a yi lodi, a miƙa hanyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Kurmi. A can ma wani fatoma yana jira, da nasa dillalan, da mahautan da za su karɓa.

Ƙarshen wannan zare na Kudu shi ne abin da Abner Cohen ya nazarta a unguwar Sabo ta Ibadan tsakanin 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. An kafa Sabo a 1916. A lokacin bincikensa shanu kusan 75,000 ake sayarwa duk shekara a kasuwar Ibadan, galibinsu kuma bashi. Dalilin bashin a fili yake. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a Kurmi saboda cutar da ƙudan tsando yake sa mata, don haka dole a rabu da ita da wuri. Mahaucin Bayarabe kuwa ba shi da kuɗin biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Falken da ya zo daga Arewa bai san mahaucin ba, bai san gidansa ba, ba ya jin harshensa. To, yaya za a yi ya ba shi dukiyarsa ba takarda ba sa hannu?

Amsar da Cohen ya samo ita ce maigida. Shi ne mai masauki, shi yake ciyar da baƙo, shi yake ajiye masa kuɗi, dillalansa su ne suka san wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne mai taurin bashi. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, in kuwa ya ƙi biya, labari zai kai Arewa kafin ya juya, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Ta wannan hanya Hausawan Sabo suka riƙe cinikin shanu da na goro. Cohen ya ƙara da cewa a farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Sabo, mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, wanda hakan ya sake ɗaure su wuri guda.

Dole mu yaba wa wannan aiki. Ya kawar da tsohon zargin nan na cewa dillali ci-ma-zaune ne mai cin gumin wasu, ya nuna cewa la'adarsa ladan sani ce da ladan ɗaukar kasada. Polly Hill ma ta ga irin wannan tsari a Kumasi a nazarinta na 1966, Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 kuma suka nuna cewa tushensa ya daɗe, tun zamanin ayarin Gwanja. Abin da Burt ya zo yana lissafawa a 1992, dillalin kara ya daɗe da saninsa a aikace: wanda ya tsaya tsakanin mai saniya da mai wuƙa shi ne mai cin la'ada.

4.0 Inda Ra'in Ya Yi Tuntuɓe

4.1 Batun Katabus

Matsala ta farko ita ce, idan aka zana saƙar a takarda, ƙulli da zare kawai ake gani. Dillalai biyu za su iya tsayawa a giɓi ɗaya, ubangidansu ɗaya, baƙinsu ɗaya, amma ɗaya ya riƙe amana shekara talatin, ɗayan ya ci kuɗin baƙo ya shiga duniya. Zanen ba zai bambanta su ba sai bayan ta faru. Wannan shi ne sukan da Mustafa Emirbayer da Jeff Goodwin suka yi wa ra'in a 1994, cewa ya ƙware wajen nuna surar hulɗa, amma ya yi sakaci da al'ada da aƙida da zaɓin mutum, alhali su ne suke sa zaren ya ƙullu ko ya tsinke.

Masu ra'in za su ce ai tsoron zubewar suna ne yake hana dillali cin amana, suna kuwa a cikin saƙar yake yawo. Akwai gaskiya a nan, amma ba ta cika ba. Tsoro yana aiki ne inda ake ganin mutum. Yaron motar da ya raka shanu kwana biyu a hanya, in ɗaya ta galabaita aka yanka ta a wani ƙauye aka sayar, shi kaɗai ya san nawa aka biya. Abin da zai faɗa wa ubangidansa ba saƙar ce take yanke shi ba. A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya jero siffofi irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci a matsayin ma'aunin da Bahaushe yake auna mutum da shi. Waɗannan siffofi a cikin jama'a ake koyon su, amma a cikin zuciya ake riƙe su ko a sake su.

Haka nan bayanin da Cohen ya yi game da Tijjaniyya a Sabo yana da rauni ta wannan fuska. Ya nuna mana amfanin da ɗariƙar ta yi wa ciniki, kuma ba mu musa ba. Sai dai amfanin abu daban, dalilin da ya sa mutum ya shige shi daban. Wanda ya zauna wazifa da magariba ba lissafin kare kasuwar goro yake yi ba. In muka ce ciniki ne ya kai shi ba tare da ya sani ba, mun mai da shi ɗan tsana, mun kuma ɗora kanmu a matsayin waɗanda suka fi shi sanin zuciyarsa.

Tarihin baya-bayan nan ya ba mu misali mai ƙarfi. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Ibadan tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya. Kafin watan ya ƙare haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken shanu da kayan abinci ta dakatar da kai kaya Kudu, aka yi kimanin mako guda nama da tumatir suna tsada a can, kayan gwari suna faɗuwa warwas a nan, har aka sasanta a farkon watan Maris. Zaren bai tsinke da kansa ba. Masu riƙe da shi ne suka zauna, suka dubi matsayinsu a cikin saƙar, suka gane cewa suna da ƙarfi, suka tsayar da ita da gangan, kuma suka biya farashin hakan daga aljihunsu. Ra'in da ya ce matsayi ne yake juya mutum ba shi da bakin bayyana ranar da mutum ya juya matsayinsa ya mai da shi makami.

4.2 Batun Zancen Zuci

Wadda ta fi kowa matsa wannan batu ita ce Margaret Archer, masaniya 'yar Ingila da ta rasu a 2023. A littafinta na 2003 ta ce tsarin jama'a ba ya tura mutum kai tsaye kamar yadda iska take tura kara. Sai ya bi ta cikin zancen zucinsa tukuna. Talauci ko bashi ko ubangida ba sa zama shinge ko tsani sai mutum yana da wani buri da ya sa a gaba. Ta kasa mutane kashi huɗu: mai fara tunani amma ba ya kammalawa sai ya yi shawara da na kusa, mai yanke hukunci shi kaɗai, mai yawan tuhumar kansa da auna aikinsa da aƙidarsa, da kuma wanda tunanin yake ƙara rikita shi har ya kasa motsi.

Wannan ya dace da abin da harshenmu ya riga ya tanada. Kalmar saƙa da muke amfani da ita ga zare ita ce dai muke amfani da ita ga tunani: muna cewa mutum yana saƙe-saƙe, ko yana saƙa da warwara, ko an yi masa saƙa da mugun zare. Falken da ya kwana a masauki yana jiran mahauci ya kawo cikon kuɗi, ba barci yake yi ba. Yana auna ko zai dawo wa wannan fatoma baɗi, ko zai koma Legas ko Fatakwal, ko zai bar shanu ya koma hatsi. Wannan saƙa ta cikin ƙirji ita ce take sauya saƙar da ke waje.

Amma ita ma Archer ba za mu haɗiye ta ba tauna ba. Mutanen da ta yi hira da su Ingilishi ne, kuma ta fahimci cewa mai yawan shawara da dangi shi ne mai zama inda aka haife shi, mai yanke hukunci shi kaɗai kuwa shi ne mai yin nisa. A ƙasar Hausa lamarin yakan zo a juye. Shawara da dangi ita ce take fitar da yaro daga Damagum ta kai shi Ibadan ko Kumasi, domin kawunsa ne zai haɗa shi da ubangida, ubangida ya haɗa shi da masauki. A nan shawara guzurin tafiya ce. Bugu da ƙari, kunya da kawaici suna hana Bahaushe zazzage cikinsa ga baƙo mai riƙe da takardar tambayoyi. Zai ce sai yadda Allah Ya yi, ko ya ce sai abin da maigida ya ce, alhali ya riga ya gama shawararsa tun daren jiya. Manazarcin da ya rubuta cewa wannan mutum ba shi da zancen zuci ya auna zurfin rijiya ne da faɗin bakinta.

4.3 Tsando da Tirela da Wayar Salula

Akwai wani reshe na ra'in, na Bruno Latour da Michel Callon da John Law, wanda ya taso a shekarun 1980. Su cewa suka yi a daina ware mutum daban da kayan aiki daban, domin duk abin da ya sauya yadda al'amari yake tafiya, shi ma ɗan wasa ne a cikin saƙar. Da farko maganar takan yi kama da wasa, amma karar shanu tana gaskata wani ɓangare nata. Tsando ne ya haifi bashin Ibadan. Jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, ya rage wa shanu tafiyar ƙasa. Tirela ta zo ta ɗaukaka garuruwan bakin kwalta irin su Potiskum. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta ba falke damar jin farashin Kudu kafin ya yi lodi, ta rage masa dogaro da bakin fatoma. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013 aka katse layukan waya a Yobe da Borno da Adamawa, sai da mutane suka riƙa tafiya har jihohin maƙwabta don su yi kira. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ma ya nuna yadda takarda take iya tsayar da kasuwa.

Duk da haka, akwai iyaka. Tsando yana sa a yi, amma ba ya niyya. Tirela tana faɗuwa da shanu, amma ba a kai ta gaban alƙali. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka auka wa karar Potiskum, suka kashe mutane fiye da 30, suka ƙona dabbobi da dukiya. Bayan wannan musiba kowane falke da dillali sai da ya zauna da zuciyarsa ya yanke ko zai sake taka kasuwar. Kasuwar ta ci gaba da ci ne domin mutane sun zaɓi su dawo. Ra'in da ya daidaita wannan zaɓi da aikin ƙarfe da ƙwaro ya zubar da alhaki, kuma inda babu alhaki babu yabo babu zargi.

5.0 Shaidar Adabi

Marubutanmu sun riga masana shiga wannan fage. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyu da suka tsaya a gefe biyu na tambayar. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam tauraro ne mai katabus tsantsa. Yana shiga gari ya ƙulla hulɗa, ya ci moriyarta, ya tsallake ya bar ta, ba bashin da yake bin sa. Zare ɗaya ne kawai ya ƙi tsinkewa, wato Malam Zurƙe, wanda duk inda aka je sai ya ɓullo da ramuwar gayya. Ba don Zurƙe ba, da labarin ya zama jerin dabaru marasa nauyi. Shi ne yake tuna mana cewa abin da ka yi wa mutum yana nan yana jiran ka a gari na gaba.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, an sace Umar yana yaro, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, har Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi. Saƙar bauta da fatauci ce take ɗauke da shi kamar yadda take ɗauke da kaya. Wanda ya tsaya a nan zai ce littafin hujja ce ga masu ra'in. Amma abubuwa biyu sun hana. Na farko, mahaifiyarsa: ita ba a sace ta daga ɗaki ba, ita ta yanke shawarar fita neman ɗanta, ta faɗa bauta a dalilin haka, ba ta kuma fasa ba har suka sadu tana gab da rasuwa. Na biyu, zubin littafin kansa: Umar ne da bakinsa yake ba almajiransa labari bayan ya girma ya zama malami. Wato littafin gaba ɗayansa waiwaye ne, mutum yana duban zaren da ya ja shi yana ba shi ma'ana. Wanda aka saya aka sayar ya zama mai fassara cinikin.

Balaraba Ramat Yakubu ta haɗa gefen biyu a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta, dangi da suruki suka tallafe ta, ita kuma ta kama sana'ar abinci ta tsaya da ƙafarta. Amma da duniya ta juya wa mijin baya, mazan da ke kewaye da ita su ne suka matsa mata ta koma. Zaren da ya cece ta shi ne ya ɗaure ta. Ƙarfin littafin yana cikin yadda marubuciyar ta bar mu muka ji abin da Rabi take ji game da wannan hukunci, ba ta mai da ita ƙulli a zane ba.

Darasin da ke nan ga masu ƙagen labari a cikinmu a fili yake. Tauraron da ba shi da kowa, ba ya jin nauyin kowa, yana yin abin da ya ga dama, ba Bahaushe ba ne, ba ma mutum ba ne. Tauraruwar da iyaye da miji da kishiya suke jefawa nan da can ba tare da mun taɓa jin tana saƙa wani abu a ranta ba, ita ma gunki ce. Labari yana rayuwa ne a daidai wurin da zaren waje ya ja gabas, zancen zuci ya ja yamma.

6.0 Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Akwai wani waiwayen da ya rage, wato na manazarci a kan kansa. Pierre Bourdieu ya dage a kan cewa mai nazarin jama'a ya fara da nazarin inda shi kansa yake tsaye. Cohen a Sabo ya yi zango, don haka idon mazauna Sabo ya ara: maigida ya fito a tsakiyar hoto, falken Arewa kuwa ya fito a matsayin baƙo mai zuwa da tafiya. Da a Damagum aka tsaya aka zana saƙar, da makiyayi da falke ne a tsakiya, Sabo kuwa ta zama ɗaya daga cikin masaukai da yawa da ake zaɓa a tsakaninsu. Saƙa ba ta da cibiya sai inda mai zane ya kafa turkensa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin da ya je kara neman bayani, ta hannun wani zai shiga, kuma wanda ya gabatar da shi ya riga ya zaɓa masa waɗanda zai ji da waɗanda ba zai ji ba. In ta hannun shugabannin kasuwa ya shiga, da wuya ya ji kukan yaron mota. Kasancewarsa ɗan gida ba ta kuɓutar da shi, ƙara ɗaure shi take yi, domin akwai abin da ba zai iya tambayar sa'an mahaifinsa ba. Maganin ba shi ne ya yi da'awar cewa ba shi da ɓangare ba. Maganin shi ne ya bayyana ƙofar da ya bi, ya kuma nemi wata ƙofar. Aikin Mary Smith, wadda ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna amfanin barin mai ɗaki ya faɗi inda yake masa yoyo: a can mun ga dangi da aure da ƙawance, mun kuma ji yadda mace ɗaya ta auna su ta zaɓi zama ko tafiya.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa ra'in saƙar dangantaka ya yi rawar gani wajen bayyana yadda amana take tafiya daga ƙasar Fune zuwa Kurmi ba tare da takarda ba, ya kuma wanke dillali da fatoma daga zargin zaman banza. Mun ga kuma cewa ya gaza a wurare uku: bai bambanta mai riƙon amana da maci amana ba, bai ji zancen zucin da yake ƙulla zare ko ya tsinke shi ba, kuma a reshensa na Latour ya kusa shafe alhaki. Gyaran da Archer ta kawo yana da amfani, muddin an tace shi da abin da muka sani na shawara da kunya da kawaici.

Shawararmu ga ɗalibai ita ce su riƙi ra'in a matsayin fitila, su zana saƙar da kyau, su san wa yake bin wa bashi, wa ya gabatar da wa. In sun gama zanen, sai su koma wurin mutanen da suka mai da ƙulle-ƙulle, su zauna, su yi haƙuri har a saba, sannan su tambayi kowane ɗaya abin da ya auna kafin ya ba da amana ko ya karɓe ta. Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin da zane ba ya iya yi, kuma a nan ne mai nazarin zamantakewa yake buƙatar kunnen marubuci.